Sarkin da Ake Kashewa Kowace Shekara

Har yau da ta ajiye aiki, furfura ta cika mata kai, ba wanda ke kiranta da wani suna sai Anti Adabi. Ɗalibanta sun zama likitoci da direbobi da iyayen wasu, amma in suka ci karo da ita a kasuwa sai ka ga ƙato da gemunsa yana gyara tsayuwa kamar bai yi aikin gida ba. Ita kuwa in hira ta yi daɗi, ko daga ina aka faro ta, sai ta kai ta kan Baba Hedi, shugaban makarantar da ya ɗauke ta aiki. Ba ta taɓa ambatonsa ba tare da ta yi masa addu'a ba.

'Yar makanike ce. A bayan gareji ta tashi, a kan wata tsohuwar kujerar mota ta yi yawancin karatunta. Ta zo makarantar da goyo a baya, muryarta ba ta kai ƙarshen aji. A makon farko yara suka sa ta kuka. Washegari kawai Baba Hedi ya jawo kujera ya zauna a bayan ajin ya harɗe hannu, haka kullum, har ajin ya shiga taitayinsa. Jaririn kuma a ofishinsa yake barci, a kan tabarma bayan kabad. In ya farka sai ka ga shugaban makaranta guda ya saɓa shi a kafaɗa yana zagaye yana yi wa masu latti faɗa.

Makarantar tana da wata al'ada da shi ya ƙirƙiro ta. Duk ƙarshen shekara 'yan ajin ƙarshe kan yi wani tsohon wasan kwaikwayon Turawa da ke cikin karatunsu, labarin wani jarumi da kwaɗayin mulki ya sa ya kashe sarkin da ya ɗaukaka shi, ya hau gadon, daga nan kwanciyar hankali ta yi masa ƙaura. Ɗalibai ke fitowa a komai, ban da sarkin. Sarki na shugaban makaranta ne. Baba Hedi zai ɗora hular kwali mai fenti, ya yi 'yar maganarsa, a kashe shi a bayan labule, yara su ɓarke da tafi da shewa kamar an ba su hutu. Yakan ce gara su huce a kansa sau ɗaya a shekara. Daga nan ya zagayo ta baya ya zauna cikin 'yan kallo yana ɓarar gyaɗa.

Ita ke shirya wasan, kuma ta iya. In tana yi wa yara bayanin yadda laifi ke cin mai shi, har tsit ajin ke yi. Bayani ne dai na wanda bai ɗanɗana ba.

Shekaru suka tura, ta zama mataimakiyarsa. A faɗi gaskiya, tana son kujerar nan, so ba na wasa ba. Tana da dalilai masu kyau: rufin ɗakin gwaji na yoyo, ban-ɗakin 'yan mata abin kunya ne, littattafai na ruɓewa a sito. Amma akwai kuma wanda ba ta faɗa wa kowa, wato tana so ta ga sunanta a jikin ƙofar nan.

Ita ta fara lura idon Baba Hedi na tafiya. Kullum sai ya ce ya manta tabarau a gida. Sai ta zama ita ke karanta masa komai, in baƙo ya doso ta raɗa masa ko waye. Ba su taɓa zancen ba, shi bai faɗa ba, ita ba ta tambaya ba. Ran nan ana tashi daga makaranta ya yo baya da mota ya daki ginshiƙin ƙofa, daidai inda yara ke tsayawa. Allah ya kiyaye, jakar wata yarinya kaɗai taya ta take.

A cikin makon mai duba makarantu ya zo. Yana shan shayi a ofishinta ya tambaye ta, a cikin hira, yaya tsoho yake. Da ta so, da ta ce lafiya lau, ta je ta sami Baba Hedi su yi ta ta ƙare tsakaninsu. Sai ta ce ba ya gani, ta faɗi abin da ya faru da mota. Wannan gaskiya ce, ran yara ne a ciki, ba mai ganin laifinta. Amma ba ta tsaya nan ba. Ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba: tun yaushe abin ya faro, da kuma wanda ke riƙe da makarantar a zahiri. Wannan ƙarin shi ya tsaya mata a rai.

Aka sallame shi da walima da jawabai, aka ba ta kujera. Ta gyara rufi, ta gina ban-ɗaki, kowa na sa albarka. Gidan Baba Hedi kuwa, da ke kan hanyarta, sai ta sake hanya. In malamai za su gaishe shi ta ce a ce tana gaisuwa, aiki ya yi mata yawa. Ƙarya take, tsoro ne. Tana son mutumin nan kamar mahaifinta, kuma ta tabbata ta rasa shi.

Da ƙarshen shekara ya matso ta ce bana ba wasa, jarrabawa ta ƙarato. Ina, malamai suka ce ba su san zancen ba. Malamin lissafi, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce shi zai haɗa mata gemun auduga da hannunsa. Ta ɗaure fuska ta ce sarki namiji ne. Sai ya ce to a ɗauko Baba Hedi mana. Ɗakin malamai ya yi tsit, kowa ya sami abin dubawa a kan teburinsa. Nan ta gane ashe kowa ya sani.

Ran Asabar da hantsi ta je gidan Baba Hedi. Matarsa, wadda duk suke kira Mama, ta buɗe ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ashe ana tunawa da su. Shi kuwa yana zaune a baranda da rediyo a cinya, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Tun kafin ta yi sallama ya kashe rediyon, don ya san takunta.

Ta shirya jawabi a kan wasa tun daga gida. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da ƙarin, har da zancen suna a jikin ƙofa.

Da ya buɗe baki bai rage mata komai ba. Ya ce ya sani tun ranar, ya ji haushinta ƙwarai, akwai lokacin da ko sunanta ba a ambata a gidan. Zancen mota kuwa, ya ce ta yi daidai, shi ya kamata ya ajiye makullin tun da daɗewa, girman kai ya hana shi.

"Baba, ba don yaran kaɗai na yi ba. Kujerar nake so."

"To wa kike so ya so ta? Na yi ta wahala da ke ne don ki ƙare a mataimakiya?" Ya juyo da fuskarsa wajen muryarta, bai dace daidai ba. "Kujera ba ta dame ni ba, 'yar nan. Na rasa ido, na rasa makaranta, na ce to, ai tana nan tafe. Na yi ta jin motoci suna wucewa. Ba ki zo ba."

Ta yi kuka irin wanda rabonta da shi tun makonta na farko a aji. Ya bar ta ta yi mai isarta. Mama ce ta gaji ta kawo ruwa ta dire, ta ce a sha, kukan ya isa haka, maƙwabta za su ɗauka rasuwa aka yi.

Zancen wasa shi ya tayar da shi, don malamin lissafi ya riga ta zuwa da gulma. Ya ce zai yi, maganar sarki tana kansa ko a mafarki. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya son yaro ya ja shi a gaban mutane, ita za ta kai shi.

Ranar wasan, da la'asar, ta riƙo shi tun daga mota. Hannunsa a kafaɗarta, tana faɗa masa inda matakala take, yana yi mata tsiyar wai tana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Ta ɗora masa hular kwalin, ta gyara ta. Suna tsaye a bayan labule aka sanar da wanda zai fito a sarki bana. Sai aka ji kujeru suna ta ƙara, sannan shiru.

Yatsunsa suka matse mata kafaɗa. Tsoro ne, ta ji shi sarai.

"Me ke faruwa? Fita suke yi? Gaya mini gaskiya."

Ta leƙa ta gefen labulen. Zauren ya cika har tagogi, tsofaffin ɗalibai da 'ya'yansu a kafaɗa, iyaye, masu shara, mai gadi ya bar ƙofa ya shigo.

"Ba wanda ya fita, Baba. Miƙewa suka yi. Kai suke jira."

Ya sa bayan hannu ya goge fuska, ya gyara tsayuwa.

"To kar ki sake ni," ya ce.

Ba ta sake shi ba, tare suka fita.