Tsohuwar da Ba Ta Hura Wuta Ran Asabar

Ni da yayata uwa ɗaya uba ɗaya muna gaisawa a gidan biki da gidan rasuwa, amma rabona da in sa abin hannunta a bakina tun shekarar da aka kama tsohuwar nan Bahabashiya. Dangi sun yi ta cewa in yi haƙuri, wai riƙo ba kyau. Na ji. Su ma da sun tsaya inda na tsaya ran nan, da ba su zo mini da wannan wa'azin ba.

A unguwar Ruwais muke zaune a lokacin, wani tsohon gida mai ɗaki bakwai da tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da iyalinsa. A Jidda aka haife mu, iyayenmu sun zo aikin Hajji ne suka zauna. Mijina direba ne a wani gida can unguwar Abhur, sai ran Juma'a muke ganinsa, ni kuma ina sayar da balila, dafaffen waken Larabawa mai ɗan tsami, a ƙofar makarantar 'yan mata. Ɗakin yayata yana kallon nawa. Ɗakin da ke jikin nawa kuwa shi aka ba tsohuwar, wata siririya mai farin mayafi da faso a dugadugai. Inna muke ce mata. Ba ta da iƙama, wato takardar zama, amma wannan ba abin magana ba ne a gidanmu, rabin gidan haka suke.

Abin da ya jawo mata jama'a shi ne ta san iskoki. Abin da muke kira bori, su a ƙasarsu zar suke ce masa. Takan shimfiɗa ciyawa a ƙasa, ta soya gahawa a kasko, ta zuba turaren wuta, ta jera wasu ƙananan kofuna shida a kan faranti. Kofin farko ba na mutum ba ne, na mutanen ɓoye ne. Sai ta yi ta magana da su a hankali cikin harshenta, kamar mai lallashin surukai. Yayata kuwa dama tana da nata iskokin tun tana budurwa. Mace ce mai azumin Litinin da Alhamis, carbi ba ya barin hannunta, kuma ita ce mai yanka jan zakara a bayan banɗaki ta shafa jinin a goshi. Da ta ga Inna sai ta ga uwar ɗaki. Ta kawo ƙawayenta, ƙawayen suka kawo nasu, har daga unguwar Ammariyya ake zuwa.

Ni ban cika shiga harkar ba, amma ina da dalilin ganin girmanta. 'Yata ta fari ta yi wata biyu tana sandarewa tana kakkafe ido. Inna ta turara ta, ta yi mata 'yan maganganunta, sannan ta dube ni ta ce, "Na roƙi nawa su sake ta, saura ki kai ta wajen likita ya roƙi nasa." Na kai ta. Yarinya ta warke, ban kuma tsaya binciken wanda ya yi aikin ba.

To, Inna tana da wata al'ada. Ran Juma'a da la'asar takan share ɗakinta tas, ta yi wanka, ta gasa wani ƙaton burodi mai kauri, ta sa fararen kaya. Kafin rana ta faɗi sai ta yayyafa wa murhunta ruwa. Daga nan babu wuta, babu turare, babu gahawa, ba ta kuma taka ƙofar gida sai taurari sun fito ran Asabar. Ko wace ce ta zo da ciwo sai ta dawo Lahadi. A ƙasar nan kuwa Asabar ce farkon mako a wancan zamanin, ranar da kowa ke fita nema, don haka abin ya fito fili. In ka tambaye ta sai ta ɗora yatsa a baki ta ce, "Ta iso, a yi mata shiru."

Wa ya iso? Ai yayata ba ta rasa amsa. A bori kowane iska da abin da ya ƙi, wani ba ya son jan kaya, wani ba ya son kifi. Sai ta yanke hukunci cewa Inna tana da wata babbar aljana da ba ta son wuta ran Asabar, kuma a nan ƙarfinta yake. Har suna ta raɗa mata, Uwar Asabar. Ba ta tsaya nan ba, ita ma ta fara kashe nata risho ran Juma'a da yamma. Mata huɗu a gidan suka bi ta. Inna ta ce musu sau biyu a gabana, "Wannan ba naku ba ne, ku dafa wa 'ya'yanku abinci." Suka kalli juna suna murmushi, wai tsohuwa tana rowar asiri.

Ni ce na sha wahalar wannan shirme. Kowace Asabar da safe 'ya'yan gidan a ɗakina suke layin shayi kafin su tafi makaranta, iyayensu mata suna zaune da fararen zannuwa suna jiran albarka. Wata Lahadi na shiga wajen Inna a fusace na ce, "Inna, wannan aljanar taki ba ta da tausayi ne? Yara suna tafiya da yunwa."

Ta yi dariya har ta sarƙe. Sannan ta tashi ta saki labule.

"Ya binti, 'yata, ba zar ba ce," in ji ta. "Zar gadon uwata ne. Asabar gadon ubana ce. Mu mutanen Annabi Musa ne."

Na ce, "Yahudawa?"

"Haka kuke ce mana."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ni abin da na sani game da Yahudawa a rediyo na ji shi, kuma rediyo bai taɓa gaya mini akwai baƙar tsohuwa mai faso a cikinsu ba. Ta ba ni labari a taƙaice. A shekarun yunwa mutanen ƙauyensu suka taka da ƙafa zuwa Sudan, mijinta da 'ya'yanta biyu suka mutu a hanya, ta rabu da sauran, ta bi wasu mahajjata cikin jirgin ruwa da aron suna. A wajensu Asabar kamar sarauniya ce da ke sauka kowane mako, tana roƙa wa talaka gafara wurin Allah, shi ya sa ake mata shara da shiru. A nan na gane abin da ya sa take fuskantar arewa, wajen birninsu mai tsarki, in tana addu'a, mu muna cewa tsufa ne ya sa ta ɓata alƙibla.

Na ce to yaya ta haɗa wannan da iskoki?

"Malaman mutanenmu ma zaginmu suke a kan zar, yadda naku ke zagin yayarki," in ji ta. "Allah ɗaya ne, ban haɗa shi da kowa ba. Su zar maƙwabta ne masu fitina, ana ba su gahawa don a zauna lafiya. Duka biyun da su aka haife ni, wanne zan yar?" Ta kama hannuna. "Ki bar shi a cikinki. In ya fita, ba ni da wurin zuwa."

Na riƙe wata uku. Ina ma na riƙe har kabarina.

Wata Asabar autar yayata ta tashi da zazzaɓi, tana kuka tana neman kunu. Na ce, "Yaya, ɗora ruwa mana." Ta ce ba za ta saɓa wa Uwar Asabar ba, wataƙila ma ita ce ta taɓa yarinyar don an ji warin hayaƙin ɗakina. Wato ni ce ma mai laifi! Kaina ya yi zafi. A tsakar gida, gaban mata huɗu, na buɗe wannan bakin nawa na ce, "Wace Uwar Asabar? Babu wata aljana! Addinin ubanta take yi, Bayahudiya ce, ku kuna bin ta kamar tumaki!"

Labulen Inna yana nan a sake, taku uku daga inda nake.

Abin da ya biyo baya har yau ban manta shi ba. Matan nan suka hau salati da kururuwa. Wata ta ruga ta yi wanka ta sake kalmar shahada. Wata ta fasa kwalbar turaren da Inna ta ba ta. Yayata tana dukan ƙirji tana cewa, "Haram alaiha! Ta ɓata mana addini, ya nas, jama'a, ta mai da mu Yahudawa muna zaune!" Ita fa, mai jinin zakara a goshi. Wata takwas suna kashe wuta don wata aljanar da suka ƙirƙira da bakinsu, imaninsu bai girgiza ba. Ranar da suka ji cewa don Allahn Annabi Musa ake kashe ta, ranar ce addini ya tuna musu da kansa. Kuma wa ya sa su? Ba sau biyu ta hana su ba?

Na shiga wajen Inna da yamma ina kuka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Bakinki murhu ne, 'yata. Ke ma ki riƙa kashe shi rana ɗaya a mako."

Kwana shida ba wanda ya gaishe ta. Na ɗauka abin zai tsaya a gaba da harara. Mijina ya ce zai nemo mata ɗaki a wata unguwa, a ba shi mako biyu.

Asabar ta zagayo. Na fito da tukunyar balila da safe sai na ga gidan wayam. Duk wadda ba ta da takarda ta kwashe 'ya'yanta ta fice tun asuba. Wata maƙwabciya da ta dawo ɗaukar nonon jaririnta na kwalba ta raɗa mini, tana kallon ƙasa: yayata ta aika wa masu kame cewa akwai Bahabashiya marar iƙama da ke tsafi a gidan, ta kuma bi ɗaki ɗaki ta gargaɗi nata mutanen. Ranar ma ita ta zaɓa. Ta san ran Asabar ko gobara ake Inna ba za ta taka ƙofa ba.

Wannan ne ban yafe ba. Tsoro na san shi, jahilci ma na san shi, ni kaina na yi nawa. Amma ka zauna wata takwas a gaban mutum kana koyon abin da ya fi girmamawa, sannan ka ɗaure shi da shi kamar akuya, wannan sai wanda ya yi tunani ya shirya.

Na ajiye tukunya na faɗa ɗakinta. Tana zaune a kan tabarma da fararen kayanta, burodinta a rufe da ƙyalle.

"Inna, yalla, tashi! Suna zuwa. Mu tari mota in kai ki wajen ƙawata a Ammariyya."

"Rana ta faɗi tukuna."

"Ba za su jira rana ba! Don Allah, yau ɗaya kawai. Ai Allah ya ga uzurinki."

"A hanyar Sudan ma mun zauna ran Asabar, ƙishirwa tana kashe mu," in ji ta. "Na bar sunana, na bar kaburburan 'ya'yana. Wannan kaɗai na iso da shi. Halas, shi ke nan, ya binti. Zauna ki ci burodi."

Na ja hannunta, na yi mata tsawa, har na ce mata taurin kai ne ba ibada ba. Ta gutsuro burodin ta miƙo mini. Haka motar masu kame ta same mu kafin azahar. Da suka ce ta taso ba ta yi gardama ba, ba ta kuma tashi ba, sai ɗaga ta aka yi ta hammata, ƙafafunta suna jan ƙasa. Takalminta ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa.

Na yi mako uku ina zarya wurin da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Sunan aron da na sani ba ya cikin takardunsu, na gaskiyar kuwa ban taɓa tambayarta ba. Ban san inda aka kai ta ba, ban san inda aka binne ta ba.

A ranar da aka tafi da ita, kafin la'asar, ina zaune a ƙofata riƙe da takalmin, na ga yayata ta fito daga ɗakin Inna da wani abu a ƙarƙashin mayafi yana ƙara. Kofunan nan shida ne. Na ce, "Yaya, kayan Bayahudiya?" Ko kunya babu ta ce, "Ai su kofunan na iskoki ne, ba ruwansu da addininta." Da su ta ci gaba da yi wa mata aiki, ta zama ita ce uwar ɗakin unguwa.

Bara aka yi sunan jikarta, autar nan mai zazzaɓi ce ta haihu. Na je don yarinyar. Ana cikin hira yayata ta taso da kanta, ta tsufa tana dogara bango, ta miƙo mini gahawa mai tururi a gaban mutane. Na gane kofin tun daga nesa, mai ɗan tsaguwa a baki, wanda Inna ke sha da shi.

"Karɓi mana, ƙanwata," in ji ta. "Abin da ya wuce ya wuce."

Na bar ta tsaye da hannu a miƙe.

Na ce, "Yau Asabar ce, Yaya. Mai kofin ba ta shan abu da zafi."