Direban Da Ya Ƙi Kwanciya Ruf Da Ciki

Har gobe ban manta da ranar da aka turo mana Ba Modu ba. Lokacin ina wata na huɗu a sashen gashin ƙashi, ƙaramin jami'i, farar riga a goge, ina jin duk Potiskum babu wanda ya san jijiya kamata. A samana akwai Oga, shugaban sashe, wanda babban aikinsa sa hannu. Can ƙasa kuma Baba Gimba, mutumin Nangere, mataimaki mai shimfiɗa zanin gado da ɗora ruwan zafi. Ya tsufa a ɗakin, amma a takarda bai san komai ba.

Ba Modu direban tirela ne, yana lodin shanu daga kara, kasuwar dabbobi, zuwa kudu. Wuyansa da kafaɗar dama sun ƙage, ko waiwaye ba ya iyawa, balle juya sitiyari. Ƙwayoyin kashe zafi kuwa ya sha har cikinsa ya fara ciwo. Mai motar ya ba shi wata guda, in bai warke ba a miƙa wa wani makulli.

Ƙa'idar aikinmu a lokacin ita ce ka duba kati, ka kwantar da mutum ruf da ciki, ka ɗora masa tawul mai zafi, sannan ka fara tausa daga baya. Na ce ya cire riga ya hau gado. Ya cire, ya tsaya yana kallon gadon.

"Likita, a yi min allura dai."

"Nan ba a allura, Malam. Kwanta."

Ya ƙi. Zuwansa na biyu ma haka. A na uku, ni gwani, na zagaya ta baya na dafa ƙeyarsa wai in taimaka masa. Wallahi zaburar da ya yi sai da ya kifar da kwanon ruwan, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Na rubuta a kati cewa ba ya ba da haɗin kai. Oga ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Sallame shi, ya je wanzami ya yi masa ƙaho."

Baba Gimba yana goge ruwan ya ce, "Likita, a ba ni aron shi kaɗan mana."

Na ce, "Bismillah, Farfesa."

Ya jawo kujerar roba ya juya ta tana kallon ƙofa, ya buɗe ƙofar, ya zaunar da Ba Modu. Ya tsaya ta gabansa, suka gaisa da Barbarci. Sannan ya ce, "Modu, hannuna zai hau kafaɗarka ta dama. In ka ce tsaya, na tsaya." Ya soma murzawa a hankali, duk inda zai taɓa sai ya faɗa tukuna.

Can Ba Modu ya yi magana, idonsa na kan ƙofa. A shekarun rikici 'yan bindiga suka tare su gaba da Damagum, suka kwantar da su ruf da ciki a bakin titi, wani ya taka masa wuya da takalmi. Abokinsa da ke kwance kusa da shi bai tashi ba. "Tun ranar ban kwanta a kan cikina ba, ko a gidana."

Ni da na haddace jijiyoyin wuya da sunayensu na Turanci, na rasa inda zan sa fuskata. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Daga nan Baba Gimba ya koya min, nake yi wa Ba Modu tausa a zaune. A mako na uku wuyan ya fara juyawa, ya rage ƙwayoyin, har barci ya ɗauke shi a kujerar. Oga ya leƙo ya ce, "Nan asibiti ne ko masauki?" A rahoton wata kuwa ya rubuta cewa an samu nasara a ƙarƙashin jagorancinsa. Ai kuwa, ya jagorance mu sosai.

Ku da kuka shigo aikin nan jiya, tausa tana warware ciwon da ƙwaya ta gaza, na gani da idona. Amma kafin ku ɗora wa mutum hannu, ku tambaye shi yadda yake so ya zauna, in ya ƙi abu kada ku ce taurin kai ne. Ba Modu ya karɓi makullinsa ana saura kwana biyu wa'adin ya cika, kuma har yau in lodi ya kai shi gabas, ta Damagum ɗin yake bi. Gadon nan dai bai taɓa hawansa ba, mu ma ba mu sake cewa ya hau ba.