Tumbin da na yi alfahari da shi

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana a nan Gadarif. Ba zan rubuta sunansa ba, ban taɓa faɗarsa yana raye ba. A kasuwar hatsi Abu Kirsha suke ce masa, wato mai tumbi, yana amsawa da dariya.

Ba haka na aure shi ba. Siriri ne, mai yankan riɗi a gonakin Fashaga. Da Allah ya buɗa masa ya zama dillalin dawa, sai ya bar gona ya hau benci. Tun safe har la'asar yana zaune, duk baƙon da ya zo a kawo shayi, shi ma ya taya shi sha, sukari cokali uku. A gida kuma ina jiransa da asida, tuwonmu na nan, man shanu ya kwanta a kai. A unguwarmu jikin miji shi ne shaidar matarsa. Wurin biki mata su ce, "Hauwa, ke kam kin iya riƙon miji," kaina ya kumbura.

Yana da shekara arba'in da bakwai ya fara ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Mahaifiyarsa ta zo ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Tukunyarki ta fashe ne?" Kunya ta kama ni, na tashi haiƙan. Zalabiya, soyayyen ƙullin fulawa, da sukari da safe, dabino da rana, zuma a cikin madara. Ya je wurin likita ya dawo da takarda, ya ce, "Wai sukari ne, in rage ci. Yaron nan bai taɓa yankan riɗi da yunwa ba." Muka yi dariya tare. Na ninke takardar na jefa a akwati. Ido ya fara dushewa, aka yanke yatsan ƙafa, sannan ƙoda ta tsaya.

Bayan na fita takaba na shiga ajin manya na koyon karatu, da furfurata. Ranar da na iya haɗa baƙi na ciro takardar nan, malamarmu ta taya ni da kalmomin da suka fi ƙarfina. Duk abin da aka hana shi, shi na yi ta ba shi. Mutane suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma da hannuna na dama zumar nan, kada kowa ya lallashe ni.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Tun da yaƙi ya koro mutanen Khartum da Jazira, wata malamar jinya daga cikinsu ta kama ɗaki kusa da mu. Maza suna layi a ƙofarta tana auna musu jini, magani kuwa sai an zaga gari. Wasu dattawa sun fara tattaki da safe, ba aike ba kasuwa. Na san zai tsaya ya tambaye su ko akuyarsu ce ta ɓace. Ko zai bi su daga baya, ban sani ba.

Ya bar mana abubuwa masu kyau. Har yau akwai masu zuwa gaishe ni saboda buhun da ya ba su a shekarar wahala. Ya kuma bar wa babban ɗanmu bencinsa da ƙirar jikinsa. Ɗan ya haura arba'in, igiyar wando ta koma ƙasan ciki. Watan jiya na ce ya je a auna shi, ya rage tuwo, ya riƙa zuwa kasuwa da ƙafa.

Ya ce, "Inna, so kike a ce na talauce?"

Na ce, "Su ce. Ubanka babu wanda ya taɓa kiransa talaka, kuma kai ka riƙe makararsa."

Kwana huɗu bai shigo gaishe ni ba. A na biyar ya zo da takardar awo, bai ba matarsa ba, ni ya miƙa wa. Na karanta da kaina. Sukarin ya hau, amma malamar jinya ta ce da sauran lokaci.