Na Bar Jego Na Koma Aji

A lokacin ina sabuwar malama a wata makarantar kuɗi da ke Unguwar Dosa, yarinya mai sanyin hali da yawan mafarki, wadda ba ta iya cewa a'a ba. Tun sassafe muke shiga aji, in an tashi a ɗora mana darasin yamma, Asabar ma ba tamu ba ce. Duk wadda ta ce ta gaji sai a tuna mata masu neman aiki suna nan birjik.

Da na haifi 'yata ta fari na tafi wankan jego gidanmu a Unguwar Kanawa. Ba a daɗe da suna ba mai makarantar ta kira ni, ta yi mini barka, sannan ta ce jarrabawa ta matso, in ban dawo ba, za ta ba wata ajina. Inna tana gefe tana dama mini kunun kanwa, ta ji komai. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ko zamanin da mata ke daka da surfe, mai jego ba ta taɓa taɓarya sai ta yi arba'in, kuma babu wanda ya isa ya tashe ta. Ta ce in yi kwanciyata, ita ce amsar da ta dace da matar nan. Har takalmana ta ɓoye. Na saka na ƙanwata na fita ina hawaye, don tsoron rasa aikin ya fi ƙarfina.

Ina tsaye gaban allo nono yana jiƙa mini riga, ina ɓoyewa da hijabi, 'yata kuwa tana gida tana tsala kuka. A hankali nonon ya ƙafe, zazzaɓi ya kama ni, wata rana jini ya ɓalle mini na faɗi a gaban yara. Ina kwance a asibiti na ji an ba wata ajin. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai ta tambaye ni ko na ci abinci.

Har yau in na daɗe tsaye bayana sai ya riƙe. Na gane hutun nan haƙƙi ne da iyayenmu mata suka tsare mana, kuma mai ci da guminki ba zai taɓa ce miki ki huta ba. 'Yar'uwa, in jikinki ya nemi kwanciya ki kwanta. Gurbinki a wurin aiki yini ɗaya ake cike shi, jaririnki kuwa uwa ɗaya gare shi.