Motar Malama Hansatu da Ta Ƙi Tafiya

Wata rana, ranar Talata ce, sufeton ilimi ya dira wata makarantar 'yan mata a ƙauye da takarda a hannu. Ya zo rufe ajin kimiyya, wai tunda babu ɗakin gwaji, gara a watsa ɗaliban su ashirin da uku zuwa wasu azuzuwan.

Malamarsu, Hansatu, ta ce ba za ta saɓu ba.

Mace ce mai kafiya, idan ta kafe ko uban gidanta ba ya tanƙwara ta. Sati uku ta yi ita da ɗalibanta suna haɗa mota da tarkon ɓera. Jikin na kara, tayoyin na tsofaffin faifan sidi. Sun ɗaura ƙarfen tsohuwar lema a bakin tarkon, suka ja zare daga nan suka naɗe shi a sandar tayoyin baya. Tarko na sakin kansa, zare ya warware, mota ta tafi.

A ajinsu mai fasasshen siminti, tafiyarta take har bango. Ita Hansatu ta ce za su nuna wa sufeto.

Amma shugaban makaranta, sarkin son burga, ya ce ba za a kai babban baƙo wannan ajin ba. Ya sa aka kwaso kowa zuwa ofishinsa mai tayil, wanda aka goge tun safe har yana ƙyalli.

Aka ɗana tarko, aka saki.

Tayoyi suka yi ta juyi a wuri guda. Motar ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. Shugaba ya shiga ba da haƙuri. Kunya ta kama Hansatu, ranta ya ɓaci, amma ta ƙi sunkuyar da kai.

"Malama, wasan yaran ya ƙare?" in ji sufeto, yana buɗe biro.

"Ranka ya daɗe, da ta tafi, da ka ce ni na haɗa musu. Yanzu ta ƙi. Ba zan ce uffan ba, su za su gyara a gabanka."

Ta harɗe hannu ta koma gefe.

Ɗaliban suka durƙusa a kan tayil, suna ta gardama. Wata ta shafa ƙasan ta ce santsi ne, taya ba ta samun abin kamawa. Wata ta ruga ta samo tsohon tiyub na keke, suka yanka siri-siri suka zagaye tayoyin baya da shi. Suka ɗora ɗan dutse a baya don nauyi ya danne.

Suka saki.

Motar ta ratsa ofis, ta wuce ƙarƙashin tebur, ta fita ƙofa.

Sufeto ya rufe biro. Can ya ce a ba shi ya ɗana da kansa. Tarkon ya kama masa yatsa, sai da yaran da ya zo watsawa suka nuna masa inda ake riƙewa.

Ya tafi da takardarsa ba sa hannu. Ajin na nan har yau.

Darasi: Idan abinka ya ƙi a gaban masu raina ka, kada ka yi saurin ba da haƙuri. Tsaya a wurin ka gyara suna kallo.

Kun san malamin da ake yi wa dariya don ba shi da kayan aiki? Ku tura masa wannan.