Magatakardan Masu Shiru na Sentul

An haifi Yusha'u Ashafa Lawal ranar Talata, tara ga watan Maris na shekarar 1971, a wani ƙauyen Hausawa Kirista da ke gefen Malumfashi. Mahaifinsa ya yi shekara goma sha tara yana sakataren cocin ƙauyen, har ranar da dattawa suka ɗaga hannu a kansa: goma sha ɗaya suka ce ya sauka, goma suka ce ya zauna. Daga ranar tsohon bai ƙara gaisawa da mutum goma sha ɗaya ba, a ƙauyen da bai kai gida arba'in ba, kuma a haka ya koma ga Ubangijinsa.

Yusha'u ya karanta ilimin ƙasar noma, ya koyar a wata kwalejin horar da malamai. Matarsa Ɗelu ta rasu a shekarar 2012, ba su haihu ba. Bayan shekara biyu ya sami tallafin karatu, ya zo Kuala Lumpur neman digiri na uku. Da ya gama, wata kwaleji mai zaman kanta ta riƙe shi yana koyarwa, ya kama gida a hawa na goma sha huɗu a unguwar Sentul.

Mai kula da ɗakin karatun kwalejin, wata dattijuwa 'yar asalin Sin mai suna Madam Chew, ita ce ta fara kai shi taron Aminai, waɗanda Turawa ke kira 'yan Kweka. Ɗaki ne guda a saman wani shagon tela, da kujeru goma sha huɗu a da'ira. Babu fasto, babu waƙa, babu wa'azi. Mutane su zauna shiru na sa'a guda suna sauraron abin da Allah zai sa a zuciya, wanda aka motsa ya miƙe ya faɗi kalma biyu, ya zauna. Amma abin da ya riƙe Yusha'u shi ne Lahadin farko ta kowane wata, ranar shawara. A nan ba a ɗaga hannu, ba a ƙirga kawuna. Kowa ya faɗi nasa sau ɗaya, a yi shiru, sannan magatakarda ya rubuta inda ya ga zukata sun haɗu, ya karanta. Idan an yarda sai a ce, "Haka muke fata." Idan ko mutum guda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai a ajiye maganar zuwa wata mai zuwa, ko da kuwa maganar fentin bango ce. An taɓa yin wata biyar a kan labule.

A shekarar 2018 suka naɗa shi magatakarda, suka ba shi littafin taron. Sharaɗin kujerar ɗaya ne: magatakarda ba shi da ra'ayi. Idan lallai yana da abin faɗa, sai ya rufe littafin, ya miƙa wa wani, ya koma cikin da'ira ya yi magana kamar kowa. Yusha'u bai taɓa rufe littafin ba.

Maƙwabcinsa Dakta Sirajo, mutumin Gwarzo, sa'ansa ne, ya zo ƙarin karatu da iyalinsa. Duk Lahadi idan suka haɗu a bakin lif sai ya tare shi.

"Malam Yusha'u, sai cocin kurame?"

"Sai can, Dakta."

"To me Allah ya ce muku makon jiya?"

"Bai ce komai ba."

"Ka ji! Mutum ya yi wanka, ya goge riga, ya je ya yi shiru. Ka zo gidana, matata Aminat ta fi ku iya wannan idan na manta cefane. Ka dawo da wuri, akwai tuwon shinkafa."

Ranar goma sha takwas ga Maris na 2020 aka rufe gari saboda annobar korona. Tela ya saukar da ƙofarsa, taron ya koma cikin kwamfuta. Shirun ɗaki yana da tari da motsin kujera da ƙarar jirgin ƙasa daga nesa. Shirun kwamfuta ba shi da komai, sai fuskoki a cikin ƙananan akwatuna. Sai akwatunan suka fara raguwa. Wasu ma'aurata 'yan Ostareliya suka bi jirgin kwashe mutane zuwa gida. Wata malama 'yar Ingila ta tafi jinyar uwarta, ba ta dawo ba. Wasu ɗalibai biyu 'yan Kenya suka gama karatu. Kafin shekara ta ƙare saura biyar: Yusha'u, da Madam Chew, da wasu ma'aurata 'yan Filifin, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan ƙabilar Tamil ta Indiya mai suna Doraisami, wanda kowa ke kira Kawu Dorai.

Yusha'u yana koyarwa daga teburin cin abinci, ga ɗalibai masu rufe kyamara. Yana cin abin da Aminat ta aiko, a rataye masa a marikin ƙofa. Ba ya baƙin ciki, ba ya murna. Kwanaki suna wucewa kamar ruwa a bayan agwagwa. Sa'a ɗaya ce kawai a mako take da suna a wurinsa, ƙarfe goma na safiyar Lahadi, kuma ya san idan ta tafi babu abin da zai raba masa wannan mako da na gaba.

A ƙarshen Disamba Madam Chew ta aika wa kowa da wasiƙa. Za ta koma garin Ipoh wurin ƙanwarta. 'Yan Filifin ɗin ma sun fara haɗa kaya. Ta ce ba daidai ba ne a bar taro ya mutu a tsaye kamar bishiyar da gara ta ci. Gara a naɗe tabarmarsa da mutunci, a mayar wa tela makullinsa, duk mai so kuma ya shiga wani babban taro na ƙasashen waje ta kwamfuta.

Lahadin farko ta Janairu aka kawo maganar. Ma'auratan suka goyi baya. Aka yi shiru. Yusha'u ya ɗauki alƙalami. Sai Kawu Dorai ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika akwatin.

"Aminai, zuciyata ba ta kwanta ba."

"Kawu, ko za ka gaya mana dalili?" in ji Madam Chew.

"Ba ni da dalili, Chew. Ba ta kwanta ba dai."

Yusha'u ya rubuta: "Mun saurari maganar naɗe taron. Ba mu sami haɗin zuciya ba. Za mu koma kanta a Fabrairu." Ya karanta, suka ce haka suke fata.

Haka aka yi a Fabrairu, haka a Maris. Jimlar ba ta sauya ba, sunan wata kawai ake sauyawa. A Mayu haƙurin Madam Chew ya kusa ƙarewa.

"Kawu, shekara arba'in kana ɗaga wa jirgi jar tuta. Ba ka san an yi maka ritaya ba?"

"Jirgin da ya jira bai taɓa kashe kowa ba ai," in ji shi, ya lumshe ido.

Ta yi dariya ba don tana so ba, ta haƙura, domin ƙa'idar da ta koya wa Yusha'u ita ce ta ɗaure ta.

A watan Agusta, lokacin da asibitocin birnin suka cika har ana jera gadaje a baranda, cutar ta kama Kawu Dorai. Kwana shida ya yi, ya rasu. 'Yarsa ce ta aiko da hoton bidiyo na minti biyu: mutane huɗu cikin fararen riguna na roba suna tura akwati, ƙofar ɗakin ƙona gawa ta buɗe, ta rufe. Yusha'u ya kalla sau ɗaya. Ya ajiye wayar, ya wanke kofinsa, ya gyara takardun jarrabawa ashirin da uku. Da Sirajo ya yi masa gaisuwa daga bayan ƙofa, "Allah ya ba ku haƙuri, Malam," sai ya amsa kamar an tambaye shi ƙarfe nawa.

Ranar biyar ga Satumba akwatuna huɗu suka bayyana. Aka yi shirun sa'a guda domin mamacin, ba wanda ya yi magana. Sannan aka shiga shawara. Madam Chew ta maimaita batunta da murya ƙasa ƙasa, kamar mai jin kunyar samun hanya. Ma'auratan suka gyaɗa kai. Sai ta dubi Yusha'u.

"Magatakarda, idan kana da abin faɗa, rufe littafin. Zan riƙe maka."

Ya dubi littafin. Bango mai ruwan ƙasa, an cinye kashi biyu cikin uku. Ya san mutum guda ya isa, ya san kalmomin da ake faɗa. Amma a wurin Aminai ba a tare hanya sai da abin da aka sa wa mutum a zuciya daga sama, shi kuwa da ya laluba bai tarar da komai daga sama ba. Abin da ya tarar shi ne mutum mai shekara hamsin wanda ba shi da inda zai je ranar Lahadi. Ya auna wannan, ya ga bai kai a tsayar da mutane uku a kansa ba. Ya jira ya ji zafin abin, zafin bai zo ba.

"Ba ni da abin faɗa," in ji shi.

Ya rubuta a hankali, da rubutunsa mai tsabta: "Mun sami haɗin zuciya a kan naɗe taron Sentul daga yau. Mun gode wa Allah da shekarun da ya ba mu." Ya karanta.

"Haka muke fata," in ji muryoyi uku, ba a tare ba, saboda jinkirin waya.

Da aka sassauta dokar fita ya kai wa tela makulli. Kujerun aka ba wata makarantar yara. Littafin ya aika wa Madam Chew a Ipoh. Har yau yana hawa na goma sha huɗu, yana koyar da yadda ake gane ƙasa mai gishiri, ranar Lahadi kuma yana wanki.

Akwai abu guda da bai gaya wa Madam Chew ba, bai gaya wa Sirajo ba, bai gaya wa kowa ba. Ranar Asabar, biyu ga Janairu na 2021, da hantsi, shi ne ya buga wa Kawu Dorai waya ya roƙe shi ya tare maganar. Tsohon ya ce shi kam ya yarda da Chew tun ranar da ya karanta wasiƙarta. Sannan ya ce, "To, ɗana. Zan riƙe maka iya abin da na iya."