Mutanen Dutse Ba Sa Magana

Wata Laraba ce da hantsi, shekarar da na yi famfara. An gama yankan dawa a ƙauyenmu da ke kusa da Farin Dutse, an kai dammuna rumbu, gonaki sun zama fili, sai kara a zube da shanun ruga suna kiwo a ciki. Ina tsaye a gindin dutsen bayan gari da majanyi a hannu, bayana ba kowa. Ƙanina Sani, wanda Inna ta goya mini tun da safe kafin ta shiga sussuka, yana can sama a hannun mutanen dutse. Wasa ne, kuma da sanina aka ɗauke shi. Amma da na daina jin kukansa sai na fara hawa dutsen.

Ni ban yi karatu ba. Jikata Hauwa ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana bi. Na ce ta rubuta yadda wasan yake, don yaran yanzu ba su san shi ba. Da kaka, in mun gama ɗiban ruwa da kala, mun kora awaki bakin fadama, sai mu rabu gida biyu: ʼyan gari da mutanen dutse. ʼYan gari su zana ganuwa a ƙasa, mu mata mu kafa murhu da tsakuwa mu yi tuwon ƙasa, mu kwantar da ʼyan tsanarmu na kara. Mutanen dutse kuwa su shafe fuska da toka, su hau sama su ɓuya. Aikinsu su sauko su saci ʼyar tsana su gudu. Aikin maza ʼyan gari su bi su da karan dawa su kashe. Wanda kara ya taɓa sai ya faɗi ya mutu. Doka ɗaya ce ba a karya ta: mutanen dutse ba sa magana, gurnani kawai suke yi. Ba su da suna, ba su da uwa, ba a tambayarsu dalili. Mugaye ne, haka muka tarar.

Ba a jefa ƙuriʼa kan wa zai zama wa. Yaran rugar da ke sauka a gonakinmu bayan girbi, shanunsu na cin kara suna bar mana taki, su ne mutanen dutse kullum. Iliya, ɗan maƙwabcinmu, shi ne sarkin yaƙinmu, ya ce ai dama Hausarsu ba ta fita, gara su yi gurnanin. Su ma ba sa musu, don in sun ƙi ba wasa ke nan. Mutum ɗaya ne ke roƙo. Yaro ne siriri, ya girme ni kaɗan, kullum da ʼyar gorar madara rataye a kafaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai saba ba. Dogo muke ce masa. Duk ranar da za a raba, sai ya matso ya ce a bar shi ya zama ɗan gari ko sau ɗaya, yana so ya zauna cikin ganuwa a kawo masa tuwon ƙasa. Iliya ya ce gobe. Dogo ya ɗebi tokarsa ya hau dutse.

Ranar Larabar nan an gaji da ʼyan tsana. Aka ce a sa jariri na gaske, yaƙin zai fi daɗi. Na kwance Sani na zaunar da shi cikin ganuwa. Dogo ne ya sauko ya sure shi, yaron na tsala ihu don ganin toka. Maza suka bi da kara. Da kukan ya ɗauke na bi bayansu, dutsen na ƙona mini tafin ƙafa. A bakin wani kogo muka same su. Dogo na zaune a inuwa, ya goge tokar rabin fuskarsa da riga don kada yaron ya tsorata, ya ba shi madara, Sani ya yi barci a cinyarsa da farin baki. Da ya gan mu sai ya ɗora yatsa a leɓe.

Iliya ya ce a kashe shi. Kara na farko ya sauka a kafaɗarsa, bai faɗi ba, don in ya faɗi da yaron zai faɗi a kan dutse. Aka ce ya karya doka, aka ƙara masa. Bai ce uffan ba, tunda mutanen dutse ba sa magana. Ya dai sunkuya ya rufe Sani da jikinsa, duka na sauka a bayansa. Wani kara ya tsage, ɓawonsa ya yanke shi a saman gira ta hagu, jini ya gangaro cikin toka. Sai da na ratsa na karɓi ƙanina, sannan ya kwanta a gefe ya mutu yadda ake so.

A nan bakin kogon aka yi gardama. Wata yarinya, Ladi, ta ce wanda ya shayar da ɗan gari ai ya tuba, a shigar da shi ganuwa. Wasu suka goyi bayanta. Dogo na kwance a mace, amma idonsa biyu, yana sauraro. Iliya ya daɗe yana jujjuya karansa, sannan ya ce, "To in mutanen dutse suka zama na kirki, wa za mu riƙa kashewa?" Washegari aka raba kamar kullum. Dogo ya zo da tsumma a gira, bai sake roƙo ba, ya ɗebi toka.

Shi na aura. Ba abin da ya faru mai ban mamaki. Iyayensa sun zauna, sun sayi gona, ya girma, ya nema, aka ba shi. Daga baya muka dawo Birnin Kudu, yana noma yana dillancin shanu a kasuwa. Mun haifi bakwai, biyar na raye. Fillancinsa ma ya zube, sai in yana lallashin saniya. Shi ke share masallacin unguwa, shi ake tasa in za a kai mara lafiya asibiti. Amma duk ranar da shanun wasu suka shiga gonar wani, ko aka ji an tare hanya a wani daji mai nisa, sai wani ya ce masa cikin raha, "Malam, ʼyan uwanka sun yi ɓarna." Yakan yi murmushi ya shafa girarsa. Bai taɓa kawo mini ƙorafi ba. Ni ce ke jin zafin.

Da damina ya rasu a babban asibiti, bayan gajeriyar jinya. Da aka kira ni in yi masa adduʼa kafin a rufe fuska, tabon na fara gani. Ya yi fari, gashin gira bai taɓa tsirowa a wurin ba. Ban yi kuka a lokacin ba. Yanzu nake yi, ba sauti, hawaye kawai ke zuba ina tsince shinkafa ko ina alwala, ba na ma sanin ya fara.

Iliya ya zo gaisuwa daga Gwaram, ya tsufa, jikansa ne ya kawo shi a babur. Ya tsaya daga zaure ya yi mini taʼaziyya, don da gaske yana ƙaunar marigayin. Ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne, wallahi kamar ba mutumin ruga ba." Na ce amin, na gode. Ban ji komai ba. Kamar an taɓa ƙafar da ta yi sanyi.

Ina cikin takaba Hauwa ta dawo hutu daga makaranta don ta zauna da ni. Tana da wani wasa a waya da take yi da ƙawayenta na wasu garuruwa. Kowa ya zaɓi abin da zai zama, wannan maharbiya, wannan mai sihiri, su shiga daji tare. Na leƙa na ga suna karkashe wasu halittu masu haure da ke fitowa daga kogo. Na tambaye ta me suka yi. Ta ce ba komai, Kaka, irinsu duk mugaye ne, haka aka yi su. Na ce ana iya zama ɗaya daga cikinsu? Ta ce a wannan wasan dai aʼa. Na ce suna magana? Ta ƙaro sauti. Gurnani ne.

Da, mu muke sa su shafa toka, kuma in rana ta yi zafi sai mu sauko tare mu sha ruwa a rijiya ɗaya. Yanzu an zana su a gilashi tun daga wata ƙasa, tokarsu ba ta gogewa, ba wanda zai same su a bakin kogo da yaro a cinya. Ban hana Hauwa wasanta ba. Na dai ce ta ajiye wayar ta ɗauko biro, akwai wani mutumin dutse da nake so a rubuta.

Ya rayu a gari har ya yi furfura, a maƙabartar gari aka binne shi. Goben da Iliya ya ce masa ce ba ta zo ba.